Furannin amarya: asalinsu, ire-irensu da yadda ake zaɓensu

Damin furannin da amarya ke riƙewa ranar biki, wanda aka fi sani da "buke", ba ya cikin tsoffin al'adun auren Hausawa. Kwalliyar amarya tun fil azal lalle ce da turaren wuta da humra. Buke ya shigo ne daga Turai, ya samu gindin zama a biranenmu ta hanyar ɗaurin aure a ma'aikatar magajin gari da liyafar dare da ɗaukar hoto. A can Turai, auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840, inda ta sa farar riga da furen lemu, ya taimaka wajen yaɗa wannan ado.

Inda suke fitowa

Furen wardi, wato roz, ya fi son wuri mai sanyi-sanyi. Shi ya sa Kenya, musamman kewayen tafkin Naibasha, da Habasha ke kan gaba wajen nomansa a Afirka, ana kuma jigilarsa ta jirgin sama cikin sanyi. Mai son ɗanyen wardi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa sai ya yi oda da wuri, ya kuma sa kuɗin sufuri cikin lissafi.

Lokaci da yanayi

Wannan shi ne abu na farko da za a duba. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗanyen fure kuwa yana iya yanƙwanewa cikin ƴan sa'o'i. Lokacin hunturu ya fi sauƙi, ko da yake busasshiyar iska na shanye ruwan ganyen. Idan bikin tsakar rana ne a fili, furen roba ko na yadi ya fi rufin asiri, ga shi amarya za ta ajiye shi don tunawa.

Siffa da launi

Dunƙulallen buke ya dace da leshi ko shadda mai yawan aiki, don ba ya rufe adon. Mai zubowa ƙasa, irin wanda Gimbiya Diyana ta riƙe a 1981, ya fi kyau da doguwar riga maras ado da yawa. A al'adar Turawa jan wardi alamar soyayya ce, fari kuwa tsarki. Amarya mai son taushin launi takan haɗa fari da ruwan hoda, kuma jan lalle ya fi fitowa a kan farin fure.

Abin da za a guje wa

Kariya da loriye-roz, da ake shukawa a gidaje, suna da kyau amma ruwansu guba ne. Kada a tsinke su don buke. Garin da ke tsakiyar furen lis yana ɓata tufafi, sai a cire shi. Furen kirizantem kuwa a Faransa na kai wa makabarta ne.

Kulawa kafin biki

A karɓi buken ranar bikin ko ana gobe. A cire ƙaya, a yanke gindin a karkace, a tsoma cikin ruwa mai tsabta a ɗaki mai sanyi. Kada a ajiye shi kusa da ayaba ko mangwaro, domin iskar da suke fitarwa yayin nuna tana saurin tsufar da fure. A fito da shi dab da tafiya, a goge gindin don kada ya jiƙa rigar amarya.