Tangaran Ɗin Kaka: Juya Shi Ka Ga Tarihi

Mai karatu, in ka taɓa shiga ɗakin wata dattijuwa a Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina, na san idonka ya kai kan jeren da ke cikin kabet: farantan tangaran masu zanen fulawa, waɗanda ba a cin abinci a cikinsu sai dai kallo. To, ka taɓa tambayar wa ya ƙera su?

A da can, ƙwarya da akushi da tasar tagulla ta Bida su ne jeren amarya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka riƙa shigo da langa da tangaran, fatake suka yi Katsina da su. Har magina kan manna faranti a tsakiyar rufin soro don ado.

Asalin sana'ar ta mutanen Sin ce. Garin Jingdezhen ya haura shekara dubu yana gasa tangaran. Turawa ba su gano sirrin ba sai a 1708 a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. A Ingila kuwa, Josiah Wedgwood ya kafa tasa a 1759.

Yanzu juya farantin ka duba tambarin da ke gindinsa. In ka ga "England", galibi bayan 1891 aka yi shi, lokacin da dokar Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata. In ka ga "Czechoslovakia", tsakanin 1918 da 1992 ne, don yau babu ƙasar. In kuwa "Occupied Japan" ne, bai wuce 1952 ba.

Abin takaici shi ne, da zarar tsohuwa ta rasu an zo rabon gado, sai a watsar da kayan ko a sayar a wulaƙance, a cika kabet da roba. Su ma 'yan fim ɗinmu ba su tsira ba: za ka ga labarin zamanin Sardauna, amma kular zamani ce a gaban jaruma. Ai ɗakin amarya shi ke gaya wa ɗan kallo shekarar da labari ya faru, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Don Allah, kafin a raba na gidanku, a ɗauki hotonsu gaba da baya, a tambayi mai su shekarar da aka yi mata jere, a rubuta. In ta tafi, ta tafi da amsar.