Da Kanada Ta Rufe Ƙofa

Tsakanin 1965 da 1973, dubun-dubatar matasan Amurka da suka ƙi amsa kiran shiga soja don yaƙin Biyetnam sun tsallaka Kanada, galibi zuwa Toronto, Montreal da Vancouver. Ana yawan cewa mafakar siyasa aka ba su. Ba haka ba ne. Sun shiga ne a matsayin baƙi masu neman zama, tun daga 1967 kuma ƙarƙashin tsarin maki mai auna ilimi, sana'a da shekaru. Gudun kiran soja kuma ba ya cikin laifukan da ƙasashen biyu suka amince su miƙa wa juna masu aikata su. Sai a watan Mayun 1969 ministan shige da fice, Allan MacEachen, ya sanar cewa ko wanda ya tsere daga bariki ba za a hana shi zama saboda haka ba.

Ke nan umarni guda daga ofishin minista ya isa a rufe ƙofar. To da an rufe fa?

Fagen daga ba zai girgiza ba, domin Amurka tana da soja fiye da rabin miliyan a Biyetnam a 1968. Kotunanta ne za su ji a jikinsu. Kimanin mutum 3,000 aka ɗaure a duk tsawon yaƙin saboda ƙin amsa kira. Da waɗanda suka tafi sun zauna a gida, da gwamnatin Shugaba Nixon ta shiga tsaka mai wuya: ko ta cika gidajen yari da 'ya'yan masu hali, waɗanda iyayensu ke da baki a jaridu da majalisa, ko ta kau da kai ga dokarta. A ganina, ƙofar Kanada ta sauƙaƙa wa Washington fiye da yadda ta ɓata mata rai.

Amma nauyin rufewar ba kan masu digiri zai faɗa ba, su da ke da lauyoyi da takardun ɗage kira. Kan talakan soja zai faɗa, wanda ya riga ya sa kaki ya gudu. Ko afuwar da Shugaba Jimmy Carter ya yi wa masu gudun kira a Janairun 1977 ba ta haɗa da irinsa ba.

Mun ma ga yadda rufewar take. A yaƙin Iraƙi, Kanada ta ƙi karɓar sojojin Amurka da suka gudo. A 2008 majalisar wakilanta ta nemi a bar su su zauna, gwamnatin Firaminista Stephen Harper ta yi biris, aka mayar da ɗaya daga cikinsu, Robin Long, Amurka, kotun soja ta yanke masa wata 15.