Rana da itace: abin da ya faru kafin a zo mana da pano

 A shirinmu na kiran waya a rediyo, makon jiya wani dattijo ya kira daga wani ƙauye na yankin Madarunfa. Ya ce shaton garinsu mai aiki da hasken rana ya yi wata huɗu a tsaye, mata sun koma rijiya da guga, kuma kuɗin da ake karɓa a bakin pampo shekara uku ke nan babu wanda ya san inda suka shiga. Sai ya tambaye mu: wa za su kai wa kuka, ofishin magajin gari ko masu aikin da suka kafa suka tafi? Wallahi a take ba mu da amsa. Amma tambayar ta sa muka koma baya, don wannan magana ta girmi da yawa daga cikinmu.

Yaran yanzu suna ɗauka hasken rana baƙon abu ne da ya zo tare da pano na Sin da ake sayarwa a kasuwa. To Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara wannan bincike. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai, kuma daga 1969 zuwa 1985 wanda ya riƙe shi shi ne Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a nan Tasawa a 1929. Shi da mutanensa sun ƙera abin ɗuma ruwa, da murhun dafa abinci da rana, da na'urar busar da kayan gona, har da injin jan ruwa da zafin rana ke juyawa. A 1968 ma an fara kunna talabijin ɗin koyarwa na lakwal da pano a kusa da Yamai, lokacin da pano yake da tsada kamar zinariya. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun haddace sunan a aji, sai dai kaɗan ne cikinmu aka gaya wa abin da hannunsa ya ƙera. Kuma gaskiya ɗaya ce: yawancin waɗannan kaya ba su fita daga birni sun shiga gidan talaka ba. Uwar gida a Gidan Rumji ko Mirriya da itace take girki a lokacin, da itace take yi har gobe.

Shi ya sa muke ganin ainihin tarihin makamashi a karkararmu yana wajen itace, kuma nan ne aka fara gwada abin da yau ake kira aiki tare da al'umma.

Tun dokar Turawa ta 1935 daji na gwamnati ne. Bayan 'yancin kai ma haka abin ya ci gaba, dokar gandun daji ta 1974 ta zo da jerin itatuwan da aka hana taɓawa, irin su gawo. Manomi yana ganin itace a gonarsa amma yana tsoron ma'aikacin gandun daji, ya sare reshe a ci shi tara. A can gefe kuma mai babbar mota daga birni ya biya takardar izini, ya shigo da 'yan ƙwadagonsa, su kwashe dajin da ke bayan gari, mutanen garin suna kallo ko dala ba su samu ba. To wa zai tsare abin da ba nasa ba? Fari na 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da gatari ya bari. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai an sa mutanen karkara a gaba. A waɗannan shekaru ne murhun ƙarfe Mai Sauƙi ya shiga kasuwa don rage cin itace, kuma a nan jihar Maraɗi aka fara sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, aikin da sunan Tony Rinaudo ya shahara da shi, amma manoma ne suka ɗauke shi gona zuwa gona.

Babban sauyin ya zo da dokar watan Agusta 1992, wadda ta kafa kasuwannin itace na karkara. Tsarin yana da kyau a fahimce shi, domin da wayo aka yi shi. Ana shata wa gari yankin dajinsa. Mutanen garin su kafa kwamiti, da shugaba, da ma'aji, da mai kula da kasuwa. Su ne kaɗai ke da izinin sara, mai mota aikinsa ya zo ya saya a bakin kasuwa. Ana ƙayyade yawan itacen da za a fitar a shekara, ana aunawa da sitar, wato tulin itace mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Inda aka tsara dajin sosai, ana raba shi kashi-kashi, bana a sari wannan, a bar shi ya huta shekaru, a koma wancan. Geza da sabara da tsiriri suna sake tohowa in an sare su yadda ya kamata, nan ne dabarar take.

Sai maganar haraji. Mai mota yana biya a kasuwar, a ba shi takarda, kuma harajin itacen da ya fito daga dajin da aka tsara ya fi sauƙi a kan na dajin da babu mai kula, don a jawo 'yan kasuwa zuwa wurin mutanen gari. A irin wannan kasuwa rabin harajin yana zama a garin, kashi 40 cikin ɗari ya tafi ga hukumar yanki, kashi 10 ga baitulmalin ƙasa. Rabon gari kuma wani ɓangare na gyaran daji ne, wani na ayyukan jama'a. Ku duba fa, a 1992 ake maganar nan, shekara 12 kafin a zaɓi magajin gari ko ɗaya a karkara. An fara da dazuzzukan da ke ciyar da Yamai, wajen Say da Torodi, daga baya tsarin ya iso dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi da kuma yankin Damagaram. Da kuɗin itace garuruwa sun gyara rijiya, sun sayi hatsi sun ajiye don bazara, samari da dama sun samu abin yi a rani ba su tafi cin rani ba.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Da masu ba da tallafi suka nannaɗe tabarma, abubuwa sun saki a wurare da yawa. An riƙa sara fiye da ƙa'ida, an riƙa wuce shinge da itace ba takarda, wasu kwamitoci sun koma hannun mutum biyu ko uku da ba sa kiran taro. Makiyaya da mata, waɗanda su ma da dajin suke rayuwa, sau da yawa ba a ba su wurin zama a kwamiti ba. Gonaki suka yi ta cin gefen daji. Yau kuma Baban Rafi ga matsalar 'yan bindiga ta bakin iyaka, wadda ta sa shiga wasu sassan ya zama kasada. A ganinmu duk da haka tsarin ya nuna abu guda da ba a musu: inda aka riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, kasuwa ta daɗe.

A watan Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, rabon harajin itace ya samu sabon mai karɓa, kuma a hankali kula da ruwan sha na karkara ya dawo wuyan komin. Daga baya farashin pano ya fara faɗuwa, sai ga shato mai hasken rana, ga firijon allurar rigakafi a gidan likita, ga fitilun kan titi. Gwamnati ta kafa ANPER a 2013 don kai kuran karkara. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Kuma duk mun tuna watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran da NIGELEC ke rabawa. Masu sayar da ƙanƙara da masu walda sun ji a jikinsu, masu sayar da pano kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

Manyan tashoshi suna da injiniyoyinsu. Shaton ƙauye shi ne marayan. Pano yana iya shekara 20 yana aiki, amma batir da akwatin da ke juya wuta da injin cikin rijiya ba sa kai haka, kuma ranar da suka mutu kuɗin bakin pampo ne kaɗai zai tashe su. Tambayoyin da aka yi wa kasuwar itace su ne dai ke jiran shato: wa ke riƙe da asusu, nawa ne rabon gari, nawa ne na komin, yaushe ake karanta lissafi, kuma mata masu biyan kuɗin kowace safiya suna da baki a ciki? Tun Afrilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da komin, saboda haka ƙofarsu ce za a buga.

Dattijon Madarunfa ya sake kira ranar Talata. Ya ce sun tara mai gari da liman da shugabar mata, an nemi littafin kuɗi, an tarar shafukan wata bakwai babu ko layi ɗaya. Sun yanke shawarar rubuta wa komin takarda, kuma daga yanzu mace ce za ta riƙe ɗaya daga cikin makullan asusu. Har yanzu dai ruwa bai dawo ba.

In akwai wanda ya taɓa zama a kwamitin kasuwar itace, a Baban Rafi ko Damagaram ko wajen Torodi, ko mahaifinsa ya zauna, muna roƙo ya rubuto mana a ƙasa yadda suka riƙa raba kuɗin da kuma abin da ya kashe ko ya raya tasu kasuwar. Za mu karanta a shirin Asabar in Allah ya kai mu.