Daga Dam ɗin Tiga Zuwa Batirin Fitila: Me Ya Sa Caji Ba Ya Shiga?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Shirin yau daga shagon ƙanena ya samo asali. Yana da ɗan shagon caji a garinmu, nan yankin Kura, da farantin sola biyu a kan rufin kwano. Bayan cajin waya, yakan farke matattun batiran laftof, ya ciro ƙwayoyin da ke da sauran rai, ya sayar wa manoma su sa a fitilar goshi. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da dare ya san darajar wannan fitila, ga kwarin ruwa, ga maciji. A bazarar da ta wuce sai ƙorafi ya yi yawa. Mutum zai kawo batir da safe, ya dawo bayan la'asar, fitila ta mutu kafin ya gama kwami goma. Wani dattijo ya ce masa, "Yaro, in ba ka iya ba ka faɗa mana." Da daddare ya same ni, ya ce, "Yaya, ina ganin rufe shagon nan zan yi."

Kafin na faɗa muku abin da muka gano, bari mu ɗan koma baya, don labarin batirin nan da na ruwan da muke noma da shi kusan sa'annin juna ne.

Tsakanin 1971 da 1974 aka gina Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Daga Tiga ruwa ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, har Kadawa. Babu injin da ke tura shi, gangare ne kawai. Da shi iyayenmu suka shiga noman alkama da tumatir da shinkafa gadan-gadan, har Kura ta zama sunan da ake kira in ana maganar shinkafa.

A waɗannan shekarun dai, bayan tashin farashin mai na 1973, wani masani mai suna Stanley Whittingham yana aiki da kamfanin mai na Exxon a Amurka, yana gwajin batir mai amfani da sinadarin litiyam. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ta Ingila ya samo sinadarin da ya ƙara wa batirin ƙarfi. A 1985 Akira Yoshino a Japan ya haɗa wanda za a iya riƙewa ba tare da fargabar gobara kowane lokaci ba. Kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutanen nan uku lambar yabo ta Nobel. Mu nan, wayar salula ce ta shigo mana da shi gida-gida bayan 2001. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai sola da batir suka ƙara samun shiga har cikin gona.

To, me ya haɗa su? Wutar batir tana da abu biyu da ake aunawa. Akwai ƙarfin turawa, ana auna shi da bolt, kamar tudun da ruwa ke gangarowa daga kansa. Akwai yawan wutar da ke wucewa, ana auna shi da amfiya, kamar yawan ruwan da ke bin kwata. Tiga na iya cika maƙil, amma in kachalla da laka sun toshe hanya, na ƙarshen layi ɗigo zai gani. Da haka muka bi matsalar shagon, daga sama zuwa ƙasa, da mitar awo ta aro.

Ƙwayar da yake sayarwa ita ce ake kira 18650, wato faɗinta milimita 18, tsawonta 65. Tana cika a bolt 4.2. Ɗan allon da yake caji da shi yana ɗauke da aisi mai lamba TP4056, wanda ya kamata ya ba da amfiya 1. Da muka auna, wasu na jan 0.3, wasu ma 0.1.

Na farko, mafari. Farantin sola ya yi butu-butu da ƙura, an fi wata ba a goge shi ba. Muka wanke.

Na biyu, hanya. A bakin caja mita ta nuna bolt 5, amma a bakin allon, lokacin da batir ke ja, ta faɗo kusan 4.3. Dogon kebul ne siriri, irin na araha, da muka yanka sai 'yan zare na ƙarfe a ciki. Wannan ita ce kachallarmu. Muka sa gajere mai kauri, nan take wuta ta ƙaru.

Na uku, ƙofar ruwa. A jikin allon akwai wata 'yar rasista da ke yanke yawan wutar da za ta wuce. In an rubuta 122 a kanta, wato om 1,200, amfiya 1 za ta bari. In 103 ce, wato om 10,000, kaɗan za ta ɗara 0.1. Alluna biyu da ya ciro daga wasu tsofaffin kaya, an daidaita su ne don ƙananan batura.

Na huɗu, zafi. Wannan aisi yana mayar da rarar wuta zafi, kuma in ya yi zafi da yawa da kansa yake rage wuta don kada ya ƙone. Ku auna shagon kwano a watan Afrilu, ga alluna an jera su a rufaffen kwali. Muka fito da su, muka ba su iska.

Na biyar, ita kanta gonar, wato batirin. In manomi ya tatse shi har ya faɗi ƙasa da kusan bolt 2.9, caja takan fara da kashi ɗaya cikin goma, a hankali, sai ya farfaɗo. In kuma ya kusa cika, wuta takan yi ta raguwa da kanta. Waɗannan biyun ba matsala ba ne, haka aka tsara. Amma ƙwayar da ta tsufa takan nuna 4.2 da wuri alhali ba ta sha komai ba, kamar ƙasar da ta daskare, ruwa ya kwanta a sama, saiwa ba ta samu ba. Irin waɗannan muka ware guda bakwai, ya daina sayarwa.

Gargaɗi ɗaya, don Allah. Kada kowa ya ce zai haɗa batirin nan kai tsaye da babbar wuta don ya tashe shi. Wanda ya kumbura, ko ya huje, ko yake zafi a hannu, a raba shi da caja. Gobarar litiyam ba wasa ba ce, shagunanmu kuma a manne suke da juna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Iyayenmu sun karɓi ruwan Tiga, kuma a hankali suka koyi sirrinsa, suka san lokacin yashe kwata, suka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Mu an kawo mana batir, mun iya saye, mun iya jefarwa, amma mu nawa ne muka iya riƙe mita? Ga shi ana haƙo litiyam ɗin a Jihar Nasarawa, mu kuma muna zubar da ƙwaya mai rai saboda kebul na ɗari biyar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Don haka kirana ga matasan Kura da Bunkure: kowace ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi mitar awo ko da guda ɗaya ce, a samu mai gyaran waya ya zauna da yara ranar Asabar ya nuna musu. Mun fara da mutum shida a shagon ƙanena. Dattijon nan ma ya dawo da fitilarsa, ya kuma turo jikansa.

Wanda ke da irin wannan matsala, ya rubuto mana abin da mitarsa ta nuna a bakin caja da bakin allo, za mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu rani mai albarka.