Kogin Klamath: Yadda Mutuwar Kifi Ta Kai Ga Rushe Madatsu Huɗu

A watan Satumba na 2002, mutanen ƙabilar Yurok da ke bakin kogin Klamath, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, sun wayi gari da matattun kifaye jibge a gaɓa, wari ya cika ko'ina. Ƙidayar hukuma ta nuna manyan kifayen salmon sama da 30,000 ne suka mutu, wasu masu ƙiyasi kuwa sun kai adadin kusan 70,000. Ruwan kogin ya yi ƙasa, ya ɗumama, kifayen suka cunkushe wuri guda, cuta ta bi su ta cinye musu matattarar numfashi. Shekara 22 bayan haka, madatsun ruwa huɗu da ke kan kogin sun zama tarihi.

Kafin a fahimci rigimar, sai an san halin kifin. Ana ƙyanƙyashe salmon a ƙoramu masu sanyi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya juyo ya hau kogi har inda aka ƙyanƙyashe shi, ya zuba ƙwai, ya mutu. Duk bangon da aka gitta a kogi, to an yanke masa hanyar haihuwa. Abin da ya faru ke nan a Klamath, wanda ya taso daga kudancin jihar Oregon ya yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa tekun Fasifik. An kammala madatsar Copco ta farko a 1918, ta biyu a 1925, J.C. Boyle a 1958, sai Iron Gate a farkon shekarun 1960. Uku daga cikinsu ba a yi wa kifi matakalar haurawa ba, ɗaruruwan kilomita na wuraren zuba ƙwai suka rufe.

Ga Yurok da maƙwabtansu Karuk, salmon shi ne tuwo, shi ne kasuwa, yana kuma tsakiyar bukukuwansu na ibada. Tun kafin batun madatsu sun sha fama kan 'yancin kama shi. A 1969 jami'in jihar ya ƙwace tarun wani ɗan Yurok mai suna Raymond Mattz. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1973 ta tabbatar cewa yankin yana nan a matsayin ƙasar ƙabilar. Mutanen da suka saba da zaman kotu irin wannan ba su da gaggawa.

Annobar 2002 tana da hannun siyasa. A farin 2001 gwamnatin tarayya ta rage wa manoman rani na saman kogin ruwa domin kare kifi. Manoman suka yi bore, har suka buɗe ƙofofin magudanar da ƙarfi a garin Klamath Falls. Da shekara ta zagayo, gwamnatin George W. Bush ta maida musu ruwansu, kogin ya janye, kifi ya biya bashin. Su ma manoman ba a rasa gaskiya a wajensu ba, domin gwamnati ce ta yi wa kakanninsu alƙawarin ruwan. Kogi ɗaya aka yi wa mutane da yawa alƙawarinsa.

A nan ne shugabannin ƙabilun suka nuna basira. Ba su tsaya jayayya da manomi kaɗai ba, sai suka dubi kamfanin PacifiCorp, mai madatsun, wanda lasisinsa na shekara 50 zai ƙare a 2006. A 2004 suka haye har birnin Edinburgh, inda uwar kamfanin ta lokacin, ScottishPower, ke taron masu hannun jari, suka tsaya a ƙofa da kayan gargajiya. Da kamfanin ya koma hannun Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett, sai suka bi shi zuwa Omaha. Masuntan teku, waɗanda a da ba sa ga-maciji da ƙabilun kan rabon kifi, suka shigo sahu, saboda su ma sana'arsu ta durƙushe.

Zanga-zanga ta jawo ido, amma lissafi ne ya kammala aikin. Hukumomin tarayya suka gindaya sharaɗin cewa sabon lasisi sai da matakalar kifi a madatsun, aka kuma gano cewa rushewa ta fi gyaran araha. Hujjar cewa lantarkin ruwa makamashi ne mai tsabta, wadda take da nauyi a zamanin sauyin yanayi, ba ta yi ƙarfi a nan ba: abin da madatsun ke samarwa bai kai kashi biyu cikin ɗari na wutar kamfanin ba, tafkunan da ke bayansu kuma kan rikiɗe su yi kore da gansakuka mai guba duk lokacin zafi. Yayin da fari ke ƙara yawaita, ruwan da ya kwanta a tafki ya fi saurin ɗumama, salmon kuwa ba ya jure ɗumi.

A 2010 aka sa hannu kan yarjejeniyoyi biyu, ɗaya ta rushe madatsu, ɗaya ta rabon ruwa da manoma. Majalisar dokokin tarayya ta ƙi taɓa su, ta rabon ruwan ta mutu a ƙarshen 2015. Aka sake lale a 2016 ta hanyar da ba ta buƙatar majalisa: a miƙa madatsun ga wata cibiya da aka kafa musamman don rushe su, da dala miliyan 200 daga masu biyan kuɗin wuta da miliyan 250 daga Kalifoniya. Hukumar kula da makamashi ta tarayya ta amince a Nuwamban 2022. Copco ta biyu ta faɗi a 2023, aka zuƙe tafkunan a Janairun 2024, aikin ya kammala a Oktoba.

Ba a yi shi babu asara ba. Laka ta shekaru ta kwararo ta kashe kifaye, mazauna bakin tafkin Copco suka rasa ruwan da suka sayi gidaje dominsa, kuma yawancin masu zaɓe na ƙaramar hukumar Siskiyou tun farko sun ƙi shirin. Rikicin ruwan noman rani a saman kogin yana nan daram, haka ma madatsun Keno da Link River.

Duk da haka, cikin wannan watan na Oktoba masana kifi na jihar Oregon suka ga salmon a wata ƙorama da ke sama da inda J.C. Boyle take, karo na farko a yankin tun 1912. A filayen da tafkunan suka bari kuma, ma'aikatan Yurok na shuka irin ciyayi da itatuwan asali da suka yi shekaru suna tarawa da hannu.