Sankarau a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Daga Ina Aka Fito, Ina Aka Kwana?

Duk wanda ya tashi tsakanin Tasawa da Mayahi ya san da zarar hunturu ya juya baya, zafin bazara ya kankama, manya sukan fara zancen sankarau. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, da wuya a rasa tsohon da zai ba ka labarin wata shekara da cutar ta ci gida guda. Yau bari mu bi tarihinta, don mu san abin da aka ci nasara a kai da abin da ya rage.

Sankarau ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaron mutum, sau da yawa ba tare da ta kwantar da shi ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da cunkoso a ɗaki. Ƙura da busasshiyar iska kan raunana hanci da maƙogwaro, sai ta samu hanyar shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan sai zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske. In ba magani, takan kashe wajen rabin waɗanda ta kama; waɗanda suka tashi ma wasu kan kurmance, wasu su rasa gani.

Babbar annoba ta farko da aka rubuta labarinta a wannan yanki ita ce ta 1905 a arewacin Najeriya. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da cutar ke yi wa zuwan bazara, zirin da a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha. Jahar Maradi tana tsakiyar wannan zirin. A da, ƙwayar da ake kira nau'in A ita ce uwar ɓarna. Allurar da aka samu a shekarun 1970 ba ta daɗewa a jiki, ba ta kuma kare jarirai sosai, shi ya sa sai wuta ta kama ake gudun neman ruwa.

Shekaru biyu ne suka fi barin tabo. A 1995 annoba ta kama dubban mutane a Nijar, kuma cikin tsakiyar tashin hankalin aka gano wata allurar da aka kawo gudummawa jabu ce, bayan an riga an yi wa fiye da mutum 50,000. A 1996 zuwa 1997 cutar ta kama wajen mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A shekarar 1996 ɗin ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Labarin Kano kuwa ba ya kwana bai iso kasuwanninmu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Don haka in ka ga dattijo na ɗari-ɗari da masu allura, ba jahilci ba ne kawai, akwai abin da ya gani.

To amma tarihi bai tsaya nan ba. Bala'in 1996 ne ya sa aka tashi neman allura mai ƙarko da talaka zai iya saye. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga aikin, wani kamfani a Indiya ya sarrafa allurar MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dalar Amurka, wajen dala hamsin ke nan a kuɗinmu. A watan Disamba 2010 aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29. Tun daga nan nau'in A ya kusan ɓacewa. Samarinmu da yawa ba su taɓa ganin irin annobar da iyayensu suka gani ba.

Sai dai sankarau ba ɗan tilo ba ne, yana da ƴan uwa. A 2015 nau'in C ya kama wajen mutum 8,500 a Nijar, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a Yamai. A 2017 ya yi ɓarna a Zamfara. A wannan shekarar kuma, nan kusa da mu a gundumar Madarunfa, aka yi gwaji a ƙauyuka 49: inda aka raba wa duk mutanen gari ƙwayar magani sau ɗaya bayan cutar ta ɓulla, masu kamuwa sun ragu da fiye da rabi. Ƙarshen 2022 kuma sai ga shi a jahar Damagaram, maƙwabtanmu na gabas. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X, a Najeriya sannan a Nijar.

Abin lura a nan, wanda aka yi wa allurar 2010 kada ya ce ya gama. Nau'in A kaɗai ta rufe wa ƙofa. In an yi shelar sabuwa, mu tambayi ma'aikatan lafiya ko wace iri ce, haƙƙinmu ne, sannan mu fito da ɗiyanmu. In kuma yaro ya yi zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a ce a bari sai gobe ko sai ranar kasuwa. Cutar kan iya kashewa cikin kwana ɗaya, maganinta kuwa yana nan a likita. Allah ya kai mu damina lafiya.