Real Women Have Curves

Real Women Have Curves fim ne na Amurka da ya fito a shekarar 2002, wanda Patricia Cardoso ta ba da umarni. An ɗauko labarin daga wasan kwaikwayon dandamali na Josefina López, wadda ta rubuta fim ɗin tare da George LaVoo.

Labarin yana gudana a gabashin birnin Los Angeles. Ana García, 'yar shekara 18 wadda iyayenta 'yan asalin Meziko ne, ta gama sakandare, malaminta yana ƙarfafa mata gwiwa ta nemi gurbi a Jami'ar Columbia da ke New York. Mahaifiyarta Carmen kuwa so take ta zauna gida ta taimaka a ƙaramin kamfanin ɗinki na Estela, yayar Ana, kuma kullum tana yi mata gorin ƙiba. Wurin da aka fi tunawa a fim ɗin shi ne inda zafin shagon ɗinkin ya sa matan suka tuɓe rigunansu, suna nuna jikinsu ba tare da jin kunya ba.

America Ferrera ce ta fito a matsayin Ana, Lupe Ontiveros kuma ta fito a matsayin Carmen. A bikin fina-finai na Sundance na 2002 fim ɗin ya lashe kyautar zaɓin 'yan kallo, su biyun kuma suka sami lambar yabo ta musamman. A 2019 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar fina-finan ƙasa da ake adanawa.